Geron da Ban Auna Ba

Shekaruna saba'in da takwas a bana, in lissafin da mahaifiyata ta bar mini daidai ne, kuma al'amarin da zan rubuta a nan ya auku shekara goma sha ɗaya da sunka shige. Na jima ina kewaye shi kamar yadda mai tafiya kan kewaye tsohuwar rijiya. Ku 'ya'yana, Rahila da Yohanna, da jikokina na nan Ƙauran Namoda da na Shinkafi, abin da kunka sani shi ne saƙon ciwon yayanku Dauda bai iske ni da wuri ba, shi ya sa ban riski ransa ba. Mahaifiyarku Saratu ce ta gaya muku haka domin ta rufa mini asiri, ta kuwa tafi kabari ba ta warware ba. Ni ba ni so in bi ta da wannan magana a baki. Saƙo ya iske ni da hantsi, rana tana sama, motoci suna lodi a tasha.

Sai na koma baya kaɗan kafin ku gane irin mutumin da saƙon ya iske. A Dauran anka haife ni, cikin gidan manoma Musulmi, mutanen kirki waɗanda ba su taɓa cin haƙƙin maƙwabci ba. Ina saurayi na zo Ƙaura dako a tashar jirgin ƙasa, a nan na ji bishara daga bakin wani ma'aikacin jirgi, na gaskata, anka yi mini baftisma. Ranar da na je gida labari ya kai ga mahaifina, bai zage ni ba, bai ko ɗaga murya ba. Cewa ya yi a riƙa zuba mini tuwo a akushi dabam. Na ci a wannan akushi kwana tara, a na goma na ɗauki sandata na dawo Ƙaura, ban sake kwana a Dauran ba. Jama'ar majami'armu kuwa kusan dukansu baƙi ne, da fari ma'aikatan jirgi, daga baya malaman makaranta da ɗalibai, masu zuwa su yi shekarunsu su koma garuruwansu. Ni kaɗai ne ɗan ƙasa. In an yi babban baƙo sai a tashe ni tsaye a nuna ni, a ce ga namu na nan. A gari ni ne wanda ya fita, a majami'a ni ne abin nuni, babu inda nake mutum kawai. Ban ɓoye muku ba, nunin nan ya yi mini daɗi, na sha shi har ya zame mini girman kai.

Sana'ata awo ce. Shekara arba'in ina zaune a kasuwar hatsi da tiyata, wato kwanon awo, ina auna gero da dawa tsakanin manomi da ɗan kasuwa. Ban taɓa danne kwano don mai saye ba, ban taɓa sassauta shi don mai sayarwa ba, ban kuma taɓa ba da gyara ba, ɗan abin nan da ma'auna kan ƙara a bisa awo don daɗaɗa rai. Ina alfahari cewa awona ba ya zuba ƙasa. Alhazan kasuwa, waɗanda ba su cin abin hannuna, in gardama ta tashi sai su ce a kira Ayuba. Wannan shi ne dangina, shi ne rigata a garin da ba ni da kowa. Kuskurena shi ne na ɗauki tiyar nan na shiga da ita majami'a. Na zaci na san al'amarin Allah kamar yadda na san buhu: tiya arba'in, ba ƙari ba ragi, na san wanda ke ciki, na san wanda ke waje.

Dauda shi ne ɗanmu na fari. Ya tafi Shinkafi yana yi wa wani dattijo hidimar cinikin dabbobi, ya kama gona a can. Wata rana da yamma ya zo ya durƙusa gabana a zaure, ya cire hularsa.

"Baba, na zo in gaya maka da bakina, kada ka tsinta a kasuwa. Na musulunta."

Na ce, "Saboda ɗiyar maigidanka?"

"A'a, Baba. Da ita da babu ita, da na yi. Shekara biyu ina juya abin nan a raina. Kai ma ka bar gidan Kaka saboda abin da zuciyarka ta gaskata. Ni ɗanka ne, ban iya yin ƙarya ga Allah don in zauna lafiya."

Na gaya wa mutane daga baya cewa mace ta janye shi. Ƙarya na yi, ku share ta daga zukatanku. Hadiza, wadda ya aura, ta zo ne bayan an yi wannan. Abin da ya ƙona ni shi ne ya auna ni da kwanona, kuma awon ya yi daidai. Na tuna ranar Lahadi, na tuna waɗanda za su ce ɗan ƙasar nan ya kasa riƙe ɗansa. Sai na buɗe baki, muryar mahaifina ta fito.

"Tashi. Ba ka da akushi a gidan nan."

Da kaka ta yi, sai ga Mamman direba, mai jigilar hanyar Shinkafi, ya sauke buhu a ƙofar gidana. Mamman mutum ne mai barkwanci, ba ya ganin kowa da girman da zai hana shi tsokana.

"Sarkin awo, ga gaisuwar ɗanka. Gero ne, bai yi salla ba, bai je coci ba. Ka ci abinka."

Ban yi dariya ba. Na sa Saratu ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na farke bakin buhun, na auna shi a gaban Mamman, domin kada a ce ƙwaya guda ta shiga tukunyata. Tiya arba'in cif, sai wani ɗan saura, kamar cikin tafi biyu, wanda bai kai a kira shi komi ba. Dauda ya san ba ni ba da gyara, da gangan ya saka. Sauran nan ya dame ni fiye da buhun duka, don ba shi da suna a awo. Na ƙulle shi a tsumma, na tura a bakin buhu, na ɗinke, na ce Mamman ya mayar. Saratu ta naɗe tabarmarta ta shige ɗaki.

Haka munka yi kaka bakwai. Buhu ya zo, in auna, in ƙulle gyara, in ɗinke, ya koma. A ta biyar Mamman ya ce, "Wallahi buhun ga ya fi ni sanin hanyar Shinkafi, saura kaɗan in ba shi tuƙi." A ta shida ya gaya mini an haifa wa Dauda ɗiya, an sa mata suna Saratu. Na ci gaba da ƙirga kwano kamar ban ji ba.

A damina ta takwas, gero ya fara fid da kai, ina kasuwa da hantsi ina tsakiyar auna wa wani manomi dawa, sai ga Mamman ya tsaya a kaina. Bai kira ni sarkin awo ba. A nan na san ba lafiya.

"Baba Ayuba, Dauda na kwance kwana biyar, ba shi cin komi. Shina kiranka. Na bar maka gaban mota."

"Shi ya aiko ka, ko matarsa?"

"Ciwo ya aiko ni, Baba."

"Ba a barin awo a tsakiya."

Wannan gaskiya ce a sana'armu, ma'auni ba ya tashi ya bar tsibi rabi. Amma da na gama na manomin nan sai na karɓi na wani, na gama na karɓi na wani. Mamman ya jira har fasinjoji sunka fara yi masa tsiya, sa'an nan ya bi ta gida ya ɗauki Saratu sunka tafi. Zan faɗi abin da ke raina a ranar, ko da yake ya fi komi nauyi a alƙalami. Jira nake a sake aiko mini da kalma guda, a ce Dauda ya ce zai dawo. Na so ciwo ya yi mini aikin da fushina ya kasa. Da la'asar ta yi babu sauran motar da za ta hau hanyar, don a shekarun nan mutane sun riga sun daina tafiya da yamma saboda tsoron hanya. Na ce gobe.

Na isa Shinkafi da safe, na tarar da tabarmi a ƙofar gida. Tun jiya ya cika bayan azahar, anka yi masa sutura kafin magariba bisa ga al'adar addininsa, babu laifin kowa a ciki. Na zauna a gefen tabarma cikin mutanen da ba su san fuskata ba. Wani dattijo ya juyo da ladabi ya ce, "Malam, baƙon wa?" Na dubi ƙasa. Duk wanda ya zo sai a ɗaga hannuwa a yi addu'a a shafa, ni kuwa ban san inda zan sa nawa hannuwan ba. Daga baya anka kai ni maƙabarta anka nuna mini tudun ƙasa ɗanye da ƙaya a bisansa. Shekara takwas rabona da ganin fuskarsa.

Bayan mun dawo Ƙaura tambaya guda ta zauna mini a ƙirji: ina ɗana yake? Da kwanona na riga na fid da shi waje, yanzu kuwa ba ni iya zama da awon da na yi. A kasuwa in sun ce Allah ya jiƙansa, sai in kasa cewa amin. A majami'a sunka yi mini gaisuwa da murya ƙasa-ƙasa, babu wanda ya ce ya huta, kowa yana kallon takalminsa. Saratu tana dafa abinci ta ajiye, ba ta yi mini gori ba, ba ta kuma yi mini hira ba. Gida ya zama kamar rumbun da anka kwashe.

Sai na tafi wurin Malam Istifanus, tsohon mai bishara wanda ya bar aiki saboda idanunsa sun dushe. Yana zaune bayan tashar jirgi yana tufka igiya da lalube. Na gaishe shi, na zauna, ban yi kwana-kwana ba.

"Malam, ka faɗa mini a fili. Ina Dauda yake?"

"Ban sani ba."

"Shekara hamsin kana wa'azi, ka ce ba ka sani ba?"

"Na san hanyar da anka nuna mini, Almasihu ne. Ita nike bi, ita na kira mutane gare ta, in ido ya dawo gobe ita zan kira. Amma kujerar shari'a ba a ba ni ba. Ko kai anka ba?"

Ya ci gaba da murza igiyarsa a cinya, can ya ce, "Ayuba, in za ka yi awo, mi kake bukata?"

"Kwano, da tabarma, da buhun zubawa."

"To. Ka ɗiba nan ka zuba can, tsibi na raguwa, buhu na cika, in tsibi ya ƙare ka san yawansa. Ina za ka zuba Allah, inda ba shi nan tun kafin ka iso? In ka ɗiba, mi ya ragu? Kada ka ce yawa gare shi irin na hatsin kaka, wanda in an tara ma'auna dubu wata rana za su gama. Ba shi da gefen da za ka fara, ba shi da ƙasan tsibi da za ka share. Babu jiyan da ta wuce mishi, babu goben da bai kai ba. Yadda shi kansa yake kuwa, haka adalcinsa yake, haka jinƙansa. Ba a raba su kwano-kwano, a ce wanga ya ƙare saura wancan."

Na ce, "Abin da ba ya aunuwa, me zai amfane ni? Ni ɗana nake nema."

"Nan abin mamakinmu yake. Wanda sama da ƙasa ba su isa su ɗauke shi ba, ya yarda mace ta goya shi a baya. Wanda ya yi wagga doguwar tafiya don neman ɗan Adam, kana tsammanin hanyar Shinkafi ta gagare shi? Kai ta gagara, Ayuba. Ban ce maka ɗanka na nan ko na can ba, kada ka fita ka ce na ce. Na ce shina hannun da ba ka san faɗinsa ba, kuma mai hannun ba ya zalunci. Ka aje kwano."

Na tashi da fushi, ko sallama ban yi masa da kyau ba. Na zo neman adadi, an ba ni sararin sama. Na yi wata biyu ina zuwa kasuwa ina dawowa, ba ni magana da kowa sai ƙirgar awo.

Da kaka ta yi, ina zaune a zaure da rana, sai na ji tsayuwar mota. Mamman ya sauke buhu a inda ya saba saukewa.

"Daga Hadiza. Geron da ya shuka da hannunsa ne kafin ya kwanta. Ya bar wasiyya, muddin gonar na ba da hatsi, buhun Baba ba ya yankewa."

Hannu ya riga hankali. Na miƙe na ɗauko tiyata, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida da kaina, na fara neman bakin zare. Sai Saratu ta fito daga madafa ta taka tabarmar da ƙafafunta biyu, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Malam, me za ka auna? Wa za ka mayar wa?"

Ta ce in biyo ta. Ta kai ni bayan ɗaki, inda take ɗan shukarta a gindin katanga, kunya huɗu ko biyar, karan gero na tsaye an riga an yanke kawunansu. Daga nan take gasa mini tumu kowace shekara in sabon gero ya nuna.

"Tumun nan da kake ci kana cewa babu irinsa a kasuwa, daga ina kake tsammanin irin ya fito? Kana taƙama awonka ba ya zuba. Malam, babu awon da ba ya zuba. In ka gama ka ɗinke buhunka, ni kuma in naɗe tabarma in kai ɗaki in kakkaɓe. Abin da ya maƙale a saƙar, ko tafin hannu bai cika ba, shi nake adanawa in shuka da ruwan fari. Shekara bakwai kana cin geron Dauda, kana santi."

Ku da kunka san mahaifiyarku kun san kunyar ɗan fari ba ta taɓa barin ta kama sunansa ba, yaron nan take cewa. Ranar ce farkon jina da sunan a bakinta.

Na ce, "Ya sani?"

"Ya sani. Tun shekarar farko na aika masa da zangarniya guda. Shi ya sa bai daina aikowa ba. Ranar da zai cika ya tambaye ni ko geron bayan ɗaki ya yi, na ce ya fid da kai. Ya ce, to, Baba zai ci."

Na juya na dubi Mamman, wanda ya biyo mu yana tsaye a bakin lungu. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ɗan aike ne, Baba. Buhu a bayan mota, zangarniya a aljihu."

Na zauna a ƙasa a gindin katangar nan, ni da ban taɓa zama a ƙasa gaban iyalina ba. Shekara bakwai ina tsaron bakin buhu da allura da zare, ashe hatsi ya bi ta saƙar tabarma ya shiga cikina, ya zama jinin da na riƙa yin fushin da shi. Ƙwayoyin da ban lissafa su cikin komi ba sun yi kunya biyar. In mace guda da tabarma ta iya wuce awona a cikin gidana ban sani ba, wane ne ni da zan ce na san inda jinƙan Allah ya tsaya? Ban sami amsar tambayata ba, har yau kuwa ban samu ba, kada wani ya karanta wannan ya ce tsoho ya yanke hukunci. Bangaskiyata tana nan inda take, a kanta zan mutu. Abin da ya fita daga hannuna ranar nan kwano ne.

Na ce wa Mamman, "Shigar da shi ɗaki."

Saratu ta ɗiba da ƙwarya, ba da tiya ba, ta surfa, ta kai niƙa, kafin la'asar ta tuƙa tuwo da miyar kuka. Na ce a zuba mana akushi guda ni da Mamman. Ya wanke hannu ya yi bisimilla, na yi tawa addu'ar, munka ci.

Ban ƙara shekara a kasuwa ba. Tiyar tana nan a tsakar gida, kaji ke shan ruwa a ciki, kada wani ya ɗauke ta ya wanke ya ajiye don tunawa da ni. Saratu ta rasu shekara huɗu ke nan, Malam Istifanus ya riga ta. Ku kuma aiki ya kai ku nesa, ban ga laifinku ba. Yawancin kwanaki ni kaɗai nake yini a zaure, in na yi addu'a sai in kama sunan Dauda in yi shiru, don ba ni da abin da zan ƙara wa wanda ya san shi tun kafin in san shi. Buhu yana zuwa har yanzu. A shekarun da gona ta yi wuyar shiga yakan zo da sauƙin ɗauka, amma nawa ne a ciki ban sani ba, ban kuwa yarda kowa ya gaya mini ba. 'Ya'yan Dauda in sun zo, akushi guda za ku ci da su, ko ina raye ko ba ni. Geron bayan ɗaki ni nake shuka shi yanzu da ruwan fari, da sanda a hannu guda.

Waɗanda sunka shaida wannan al'amari su ne Saratu da Malam Istifanus, waɗanda sunka riga mu, da Hadiza matar Dauda, tana nan Shinkafi, da Mamman direba, wanda ya bar tuƙi yana zaune a bakin tasha. Ku tambaye shi ƙarfe nawa ya iske ni a kasuwa ranar nan. Ya jira ni har fasinjoji sunka gaji, ba zai manta ba.